Faifai Ya Kwafu, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

A Jalingo yanzu, duk wanda kwamfutarsa ta fara jan ƙafa shawara ɗaya zai ji a bakin kowa: "Sa mata SSD." Mai fotokwafi a bakin ATC zai gaya maka haka, ɗan'uwanka da ke aiki a sakateriya zai gaya maka, yaron da ke cajin waya a Magami ma ya ji ya riƙe. Kuma gaskiya suka faɗa. Tsohon faifai faranti ne ke juyawa a cikinsa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga wata 'yar allura tana kai-komo a kansa tana neman inda aka ajiye abu. SSD kuwa, sabon nau'in faifai, babu abin da ke motsi a cikinsa. Shi ya sa kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka sha shayi ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe.

Kwamfutocinmu na tebur kowa ya san asalinsu. Akasari tokumbo ne. Sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka ratsa Computer Village a Ikeja, suka biyo hanyar Makurɗi da Wukari. Wasu kuma daga Beirut Road ta Kano suke, ta Gombe da Numan. HP ne, Dell ne, Lenovo ne, masu ƙarfin jiki. Suna isowa sai mu haɗa su da ƙurar hunturu, da zafin Maris da Afrilu, da wutar da ake ɗaukewa ba sallama. Abin da ke fara gajiya a cikinsu galibi faifan ne.

Sai dai mu ba ma son a ce mana a sake sabon lale, kuma muna da dalili. A cikin kwamfutar shago akwai CorelDRAW da wani ya sa tun shekarun baya, shi kansa ya bar gari. Akwai salon rubutun Larabci da ake buga katin ɗaurin aure da na walimar sauka da shi. Akwai direban firinta da aka sha fama kafin ya zauna. Akwai furojet ɗin ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba, wadda tun da aka kafa ta a 2008 shagunan wannan yanki da ita suke ci, kuma ɗalibi kan dawo bayan wata da watanni ya ce, "Adda, babina na uku yana nan wajenki ko?" In aka ce a ɗora sabon Windows, duk wannan sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya, ga tsadar data. Don haka muke cewa a yi kulonin: a kwafe tsohon faifan kacokan a kan sabon, komai ya zauna inda yake, har hoton da ke fuskar allo.

Har nan lafiya lau. A haɗa faifan biyu, manhajar kwafi ta ja layinta ta kai ɗari bisa ɗari, ta ce an gama. A cire tsoho, a ɗaure sabo, a danna makunni. Fanka ta juya, tambarin kamfani ya fito, sai allo ya yi baƙi ƙirin da ɗan rubutu a sama: "No boot device found." Wani lokaci shuɗi ne zai fito da lamba 0xc000000e. Wani lokaci kuma ko rubutun babu, sai ɗan gajeren layi yana ƙyaftawa a kusurwa.

A nan halinmu ke fitowa, kuma akwai abin so a cikinsa, don ba ma barin mutum shi kaɗai da damuwarsa. Kafin ka ankara mai shayi ya leƙo, tela ya ajiye almakashi, ɗan keken da ya zo buga takarda ya jawo benci. Wannan ya ce a ciro RAM a goge bakinsa da magogin fensir. Wancan ya ce ƙura ce, a kawo abin hura iska. Wani ya ce shi tun farko bai yarda da wanda ya sayar da SSD ɗin ba, a ɗauka a mayar masa tun bai rufe shago ba. Ana yi da Hausa ana jefa Fulatanci, mai kayan kuwa sai "useni, a duba mini da kyau" yake. Can sai muryar da na fi jin tsoro ta fito, yawanci daga bakin wanda ya fi kowa sauri: "Kai, a yi mata fomatin kawai kowa ya huta."

Wannan kalma ta jawo wa mutanenmu asarar da ba ta kamata ba. Faifan da aka kwafa ya ƙi tashi, mafi yawan lokaci komai na nan a cikinsa lafiya. Kamar mutum ne ya tashi daga Sabon Gari ya koma sabon gida a Mile Six, an kwashe gado da tukwane da buhunan masara an shigar, an datse kwaɗo, sai da ya iso da iyali da dare ya tuna makullin yana can rataye a ƙusa a tsohon gidan. Ba mai hankalin da zai ce a rushe ginin. Komawa za a yi a ɗauko makulli, ko a yanko wani.

Na ga wannan da idona a shagon wata baiwar Allah kusa da ƙofar jami'a, wadda kowa a layin ke kira Adda. Wani matashi ne ya yi mata aikin, yaron kirki, hannunsa da kyau. Tsohon faifanta mai gigabayit 500 ne, an raba shi biyu: C inda Windows yake, da D inda take tara aikin kwastomomi. Sabon kuwa 256 ne, don shi kuɗinta ya kai. Yaron ya duba ya ga duka ba za su shiga ba, sai ya zaɓi C kaɗai ya kwafa. Da aka kunna, allo ya yi baƙi. Ya sake kunnawa, baƙi. Gumi ya fara keto masa, benci ya cika da masu shawara, har maganar fomatin ta fara samun magoya baya.

Sai aka aika aka kira wani dattijo mai gyara a bayan layin, wanda ya fara sana'ar tun zamanin Windows XP, yara da manya duk Bappa suke ce masa. Ya shigo da sallama, aka ba shi kujera. Bai ko kalli allon ba ya tambayi yaron:

"Ina tsohon faifan?"

"Yana jakata, Bappa. Mun yi da Adda zan karɓe shi a rage mata kuɗin aiki."

"Ka taɓa shi?"

"Ban wanke shi ba tukuna. Da yamma na so in yi."

"Alhamdu lillahi. Ciro shi ka ba ta, ta sa a durowa ta kulle."

Adda ta karɓa tana juya shi a hannu, sai a sannan ta tambaya ko aikin ɗalibanta ya shiga sabon. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce D bai shiga ba. Ta dafa ƙirji ta yi salati. Ashe duk abin da shagon nan ya tara shekara da shekaru yana cikin jakar goyo ne, saura 'yan sa'o'i a share shi, kuma babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Ciniki ne kawai irin wanda muka saba.

Bappa ya sa aka kashe wuta daga soket, ya buɗe murfin da kansa. Ya taɓa wayoyi biyun da ke shiga faifan, ta bayanai da ta wuta, ya ji sun zauna daram. Ya bi ta bayanan da yatsa har madabod ya ga a ramin da tsohon ya fito aka sa ta, wato na farko, wanda aka rubuta SATA0 a gefensa. Sannan ya kunna ya shiga BIOS, wato shafin saitin inji. Wannan ma abu ne da ya kamata kowane mai shago ya haddace: a Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a Lenovo F1, in kuma jerin abin da za a tashi da shi kake nema, F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP. Sunan sabon faifan ya fito ɓaro-ɓaro da girmansa. Bappa ya juya ga wanda ya ce a mayar wa mai sayarwa ya ce, "Malam, ga shi inji ya gan shi. Kada mu ɗauki alhakin bawan Allah."

Daga nan ya fara yi wa yaron bayani, a hankali, yadda duk wanda ke bencin zai ji. Windows ba daga C take fara tashi ba. Akwai wani ɗan yanki a faifai da ba ya fitowa idan ka buɗe kwamfuta kana duba C da D. Windows 7 takan yanke shi megabayit 100 ta sa masa suna System Reserved, kuma kwamfutar Adda daga Windows 7 aka ɗaga ta zuwa Windows 10, don haka da shi take tashi har ranar. A cikinsa ne ake ajiye bayanin da ke gaya wa inji ga inda Windows take, je ka ɗauko ta. Wanda ya kwafi C ya bar wannan ɗan yankin, ya kawo kaya bai kawo hanyar shiga ba. Ya ce da manhajar kwafi, ko Clonezilla ce ta mutanen Taiwan da ake samu kyauta, ko Macrium Reflect ta Ingila, ko wadda kamfanin SSD ɗin ya bayar, faifan ake zaɓa gaba ɗaya. In wuri bai isa ba, a fara kwashe D a kai wani wajen, amma ƙananan yankunan nan ba a barin su.

Yaron ya ce to ya sake kwafin daga farko? Bappa ya ce hakan ma daidai ne, kuma ga wanda bai saba da baƙin allo ba shi ya fi aminci, tunda tsohon yana nan. Amma wuta ba tabbas, ga kwastomomi na jira. Ya laluba aljihu ya ciro filash mai ɗauke da Windows 10, ya tayar da injin da shi. Da allon farko ya fito bai danna a ɗora ba, sai ya haɗa Shift da F10, baƙar taga ta buɗe. Ya rubuta diskpart, ya rubuta list disk. Ya nuna wa yaron wani gurbi a ƙarshen layi ya ce, "Ka ga ƙarƙashin Gpt babu tauraro? To wannan MBR ne." Ya zaɓi faifan, ya zaɓi yankin da Windows take, ya rubuta active, ya fita. Kafin ya ci gaba sai da ya leƙa cikin C ya tabbata foldar Windows na nan, don ya ce a wannan taga haruffa kan sauya, C ya koma D, kada a yarda da harafi sai an gani. Sannan ya buga bootrec /fixmbr, ya bi shi da bcdboot C:\Windows /s C: ya danna. Ya zare filash, ya sake kunnawa. Ɗigo-ɗigon nan suka fara zagayawa, sai ga hoton 'yar Adda sanye da kayan makaranta ya cika allo. Mai shayi ya yi kabbara, tela ya koma kan kekensa yana dariya.

Abin lura, duk wannan aikin faifai ɗaya tal ne a cikin injin. Bappa ya nanata wannan sau da yawa. A cikin diskpart akwai kalma guda, clean, da in ka buga ta a kan faifan da ba shi kake nufi ba, taswirarsa ta tafi nan take, ba tambaya ba gargaɗi. In tsohon na durowa, ko hannu ya kuskure, asalin na nan.

Da yake an samu natsuwa, hira ta ɓarke a kan sauran hanyoyin da abin kan faru, don ba kullum ne ɗan yankin nan ke ɓata ba. Maganar MBR da GPT ita ta fi rikita mu. MBR tsohon tsari ne, tun 1983 ake amfani da shi. Bayit 512 na farkon faifai ne ke riƙe da shi, manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce terabayit 2. GPT shi ne na baya-bayan nan, shi kuma nasa ɗan yankin EFI ake ce masa. Windows tana haɗa kowanne da abokin tafiyarsa: MBR da Legacy, GPT da UEFI. Injinan da muke saye yawancinsu sun zo a tsakanin zamani biyu, suna iya wannan suna iya wancan, kuma a BIOS ake zaɓa. To sai ka ga tsohon faifai GPT ne, yaro ya shirya sabon a MBR, ko kuma faifan daidai yake amma wani ya shiga BIOS ya juya saitin yana gwaji. Inji ya nemi hanya ta inda babu ita, ya ce bai ga komai ba. In saitin ne aka juya, gyaran bai wuce a mayar da shi ya dace da faifan ba.

Akwai kuma AHCI. Wani zai ji an ce SSD ya fi gudu a kan AHCI, wanda gaskiya ne, sai ya shiga BIOS ya sauya daga IDE ko RAID a ranar da aka yi kwafin. Windows kuwa da ɗayan ta saba tun ranar da aka ɗora ta. Sai shuɗin allo ya fito da INACCESSIBLE BOOT DEVICE, a ɗora wa kulonin laifi. A mayar da shi yadda yake, za ta tashi. In ana son sauyawar, daga baya a bi ta Safe Mode a yi. Ni dai shawarata ga duk wanda zai taɓa BIOS, ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa kafin ya canza ko harafi ɗaya. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci.

Wani abu da ya fi shafar mu a nan fiye da inda injinan suka fito shi ne ɗan batirin madabod, mai kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta a jikin inji. A ofishin da wuta ba ta yankewa yakan daɗe ƙwarai. Mu kuwa kullum dare muna zare soket, da rana ma rabi da rabi ne, ga shi ya riga ya tsufa kafin ya iso. In ya mutu, duk saitin da aka gyara yau gobe da safe ya koma na kamfani. Sai mai shago ya kira mai gyara da faɗa, wai aikin jiya bai yi ba. Alamarsa a fili take: ka kunna ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Ranar da aka buɗe murfi don sa SSD, a canza shi gaba ɗaya.

Tarkon da ya fi ba ni tsoro shi ne na barin faifai biyu a ciki. Mukan ce ai tsohon zai zama wurin ajiya, sai a bar shi a haɗe tun kunnawar farko. Kwamfuta ta tashi, kowa ya yi murna. Amma daga wanne ta tashi? Sau da yawa daga tsohon ne, ko kuma ta ari ɗan yankin tsohon ta buɗe Windows ɗin sabon. Ana nan bayan sati a wanke tsohon, washegari allo ya yi baƙi, kuma yanzu babu inda za a koma. Ban da haka, kwafi na sak yakan ɗauko har lambar shaidar faifan, Windows ta ga biyu masu lamba ɗaya ta kashe guda, mutum ya ɗauka ya lalace. Gwaji na gaskiya ɗaya ne: a zare tsohon gaba ɗaya, a sa sabon shi kaɗai a ciki a kan wayar SATA, a kunna a kashe, a sake kunnawa, a buɗe firinta, a buɗe Corel, a yi aiki. Gwada shi ta cikin ɗan akwatin USB da aka yi kwafin da shi ma ba gwaji ba ne, don Windows ta yau da kullum ba ta saba tashi ta nan ba.

Wani malamin makaranta da ke bencin ya ce nasa kwafin ko gamawa bai yi ba, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Bappa ya tambaye shi ko faifan na ƙara, irin ƙas-ƙas ɗin nan. Ya ce yana yi. Wannan fa wani babi ne daban. Mu ba ma zuwa neman sabon faifai sai tsohon ya kusa cikawa, kuma kulonin aiki ne mai nauyi, sai an karanta faifan tun daga farko har ƙarshe. Mai ciwo yana iya ƙarasawa a tsakiyar aikin. Akwai 'yar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke nuna lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa ya kai gargara. In ba shuɗi ba ne, kafin a yi maganar kulonin a fara kwashe abin da ba a iya sake samu, takardu da hotuna da aikin mutane, a kai wani wajen. Windows ana samun wata a ko'ina. Clonezilla tana da hanyar tsallake gurɓatattun wurare ta ci gaba, amma abin da ke wurin da aka tsallake ya tafi, kuma in ya faɗa kan fayil ɗin da Windows ke tashi da shi, kwafin ba zai tashi ba.

Sai wuta. Kwafi kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, gwargwadon kaya. In aka ɗauke a tsakiya, abin da ke sabon faifan rabi ne, sai an sake. Kada a fara sai janareto na da mai, ko inbata ta cika, ko akwai UPS mai rai. Haka kuma jabun SSD na yawo a kasuwa, jikinsa an rubuta babban girma, cikinsa ɗan kaɗan. Irinsa yakan karɓi kwafi kamar gaske, sai an zo karantawa a tarar da shirme. H2testw na tona asirinsa, tana cika shi da bayanai ta sake karantawa. A saya wurin wanda aka sani, a karɓi rasit. Masu sayen ɗan siririn nan NVMe su haɗa da adafta kuma su sani, tsofaffin injinan nan da yawa za su gan shi a matsayin ma'ajiya amma ba za su tashi da shi ba.

Ban ce fomatin haramun ba ne. Akwai kwamfutar da filash ɗin ɗalibai suka cika ta da bairos, kowace folda ta koma gajeriyar hanya, ga manhajojin da ba a san wanda ya sa ba. Kwafe irin wannan kwashe cuta ne a kai sabon wuri. Ita sabon Windows ya dace da ita, amma a kan sabon faifai, tsohon na gefe ba a taɓa shi ba. Sannan akwai abin da SSD ba ya gyarawa. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana neman UEFI da TPM 2.0 da furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga namu zubi na 2 ne zuwa na 4. Mai irin wannan inji ya sa SSD ya mori saurinsa, amma ya san inda ya tsaya, musamman in a kansa ake shiga banki ko ake cike fom ɗin mutane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cinikin nan na ba da tsohon faifai a rage kuɗin aiki. Ba hasarar mai shago kaɗai ke ciki ba. Ku tuna abin da ke kwance a kwamfutar shagon buga takardu: silif ɗin NIN, takardar JAMB, sakamakon WAEC da NECO, hotunan fasfo na matan aure da 'yan mata, takardar rantsuwa ta kotu, yarjejeniyar filaye, wasiƙar da wani ya rubuta yana neman taimako bai so kowa ya gani ba. Duk amanar mutane ce. Fomatin na gaggawa ba ya share su, sunayensu kawai yake cirewa daga jeri, kuma duk yaron da ke da Recuva zai iya dawo da su. In lokacin rabuwa da faifan ya yi, a yi masa cikakken fomatin, wanda tun daga Windows Vista yake bin faifan yana rubuta sifili a ko'ina. Yana ɗaukar lokaci, amma haƙƙin maƙwabta ne.

A shagon Adda, da aka zo biyan kuɗi sai wata sabuwa ta taso. Ƙaninta da ke taya ta aiki ya ce shi bai ga abin da za a biya Bappa ba, ai layi uku ya buga. Wannan ma halinmu ne, mun fi ganin ƙimar aiki in an kwance sukurori an yi gumi. Na ce masa layi ukun nan shekaru aka yi kafin a san su, kuma tambayar farko da ya yi ita ta ceci shagon. Bappa ya murmusa ya ce shi a ba shi na shayi ya isa, amma yaron a biya shi cikakke da kuɗi, tunda faifan da aka yi ciniki a kansa ya fasa fita. Adda ta ƙirga ta ba kowa nasa, ta ƙara wa Bappa a kan abin da ya ce. Yaron ya roƙi a maimaita masa layukan, ya rubuta a bayan rasit, ya yi alkawarin dawowa da safe da babban faifan waje a kwashe D.

Sai gardama ta koma kan tsawon lokacin da za a ajiye tsohon. Tela ya ce sati biyu ya isa. Malamin makaranta ya ce wata guda. Bappa ya ce a liƙa masa takarda a rubuta kwanan wata, a sa a leda saboda ƙura, kuma kada a ajiye shi kusa da lasifika. Adda ta murɗa makullin durowa ta ce, "Ku yi ta lissafinku. Ba inda za shi sai ɗalibaina sun gama difens kowa ya karɓi nasa."